Inna Shekara da Carbin da Najaha Ta Ɗaura a Ƙugu

Idan kuna son ku sami Inna Shekara a gida, sai ku yi sammako irin na mai zuwa kasuwar nesa. Da ta sallame asuba ba ta komawa shimfiɗa. Za ta ba tunkiyarta dusa, ta share tsakar gida ko da babu ko tsinke, ta kurɓi kokonta, sannan ta rataya wata tsohuwar jakar fata wadda tun ina yarinya na san ta da ita, ta kama hanyar likita, wato ɗan asibitin garinmu. Tafiyar ba ta da nisa, amma a wurinta ba ta ƙarewa da wuri, don rabin waɗanda za ta gamu da su ita ta yanke musu cibi. Mai kabu-kabu zai ja birki ya ce, "Inna, hau in kai ki." Sai ta ce, "Wuce abinka, Ɗahiru. Na san saurinka tun ranar da ka zo duniya, ko hannu ba ka bari na gama wankewa ba." Haka za ta yi ta gaisawa da tsokana har ta isa, ta tarar mata sun riga sun cika benci.

Ni Mairama, katanga ɗaya ce tsakanina da ita a nan Matameye. Ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa mutane suke ganin kamar alƙalami ba ya yi mini gardama. A ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aikin ungozoma bayan shekara talatin da ɗoriya. Na san ba wanda zai rataya mata lamba a ƙirji, ba kuma titin da za a sa wa sunanta. Za a dafa shinkafa, a sha lemo, a tafa, kowa ya kama gabansa. Abin ya tsaya mini a rai, na ce to ni bari in faɗi abin da idona ya gani, tun tana da rai tana ji, ko da za ta harare ni ta saman katanga.

Karɓar haihuwa kowa ya san ta da shi, daga nan har ƙauyukan Yauri, ba sai na faɗa ba. Abin da nake son in yi magana a kansa wani aiki ne da take yi a gindin dogon yaro, bayan an gama awon yara. Nan take zama da mata tana koya musu sanin jikinsu: waɗanne kwanaki ne ciki ke iya shiga, waɗanne ne ba ya shiga, don wadda ke son hutawa tsakanin haihuwa da haihuwa ta samu ta huta. Kayan aikinta wani ɗan carbi ne, mu nan carbin wata muke ce masa. Dutse ɗaya ja ne, wasu ruwan ƙasa, wasu farare, sai wani baƙin zoben roba da ake matsarwa. Ranar da mace ta ga al'adarta sai ta sa zoben a kan jan dutsen, kullum ta matsar da shi gaba dutse ɗaya. In ya hau farare, kwanakin ɗaukar ciki ke nan, sai ita da maigida su yi haƙuri da juna har ya sauka. Akwai kuma alamun da jiki ke nunawa, waɗanda ba zan zayyana a nan ba tunda maza ma za su karanta. Ita dai Inna ba ta jin nauyin faɗa wa mata su dalla-dalla.

Wanda ya ji wannan zai ce ai abu ne mai sauƙi. Ina fa. Carbin ba shi da nauyi, tsoron da ke tattare da shi ne ya fi buhun gero.

Na sha zama a bencin nan ina jin su. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, "Shekara, wannan abin Nasara ne, busar da mahaifa zai yi." Inna ta miƙa mata shi ta ce, "Riƙe, Hajiya, shinshina. Ba a sha, ba a haɗiya, ba a sokawa. In da duwatsu na busar da mahaifa, da duk mai jigida a garin nan ba ta haihu ba." Mata suka kwashe da dariya, Hajiya ma ta rufe baki da gefen mayafi.

Wata kuma ta ce ita ba ta yi lakwal ba, lissafi ba nata ba ne, kada ta je ta rikice. Inna ta tambaye ta yaushe ta ajiye salla wancan watan. Ba ta ko yi tunani ba ta ce ranar sunan gidan Mansur. Ta tambaye ta azumi nawa ta rama bana, nan ma ta faɗa tun ba a rufe baki ba. Inna ta ce, "To ke da kike riƙe da kwanakin sallarki da na azuminki tun kina budurwa ba ki taɓa ɓata ba, wannan ne zai gagare ki? Abin da kika sani ne, duwatsu kawai aka sa masa." Ni da nake malama na ji daɗin wannan amsa, don da yawa cikinmu mun ɗauka in ba a kan allo aka rubuta abu ba, ba ilimi ba ne.

Ba ta kuma yi wa kowa daɗin baki. Takan ce, "Wannan darni ne, ba katanga ba. In ba a kula da shi kullum, akuya za ta shiga, wani sa'in ma ana kula ta shiga." Wadda al'adarta ke yi mata wasa, yau ta zo da wuri gobe ta makara, sai ta ce mata kai tsaye carbi ba naki ba ne, zo in nuna miki wata hanya a ciki. Wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta ce ta dakata sai jinin ya dawo ya daidaita. Na ga mata sun tashi suna fushi don an hana su, ita kuwa ko a jikinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne ƙanwata Najaha.

Mahaifiyarmu ta rasu Najaha tana ƙarama, a hannuna ta girma, ni na aurar da ita ga Munkaila, direban motar haya mai zuwa Damagaram. Yaro ne mai kirki, sai dai baki. Allah ya ba su ɗa namiji, Sallau, jariri kamar ka sace. Bai ko fara rarrafe ba aka ga Najaha tana amai da safe: kwanika, ciki a kan ɗanyen goyo. Tsofaffin unguwarsu suka ce nonon mai ciki guba ne, a cire yaro yanzu-yanzu. Rana ɗaya aka yaye shi. Lokacin damina ne, rumbu ya yi ƙasa, kunu ba ya zama masa a ciki. Kafin a ankara a kai shi likita tamowa ta ci ƙarfinsa. Sallau ya koma bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. Har yau in na tuna yadda wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, sai abinci ya fita raina.

Cikin nan shi ne aka haifi Zuhra. Najaha ta zo gidana wankan jego, aka yi arba'in, ta ƙi komawa. Wata ya bi wata tana ɗakina. Ba faɗa suka yi da mijinta ba, tsoro ne kawai. In ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida sai ta ƙanƙame yarinyar kamar za a ƙwace mata. Ta ce mini, "Yaya, in na koma aka sake, Zuhra ma tafiya za ta yi." Munkaila ya yi haƙuri iya nasa, har Zuhra ta kusa shekara. Daga nan ya fara aiko manya, ana gaisuwa ana cusa magana a ciki. Ni ma na san gaskiya tasa ce, aure ba ya zama mata a wata unguwa miji a wata.

Na ja ta zuwa wurin Inna. Ranar kasuwa ce, likita cike maƙil da matan ƙauye da suka haɗa awo da cefane. Inna ta yi mata bayanin allura da ƙwaya, ta ce duk lafiya lau ne, sun ma fi carbi tsarewa. Najaha ta girgiza kai, ita ba abin da zai shiga jikinta. Inna ba ta matsa mata ba. Ta tambaye ta batun al'ada, ta ji ta dawo tun tuni tana kuma zuwa kan lokacinta, sai ta ɗauko carbi ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ta ce lalle ta zauna da mijinta su fahimci abin tare. Najaha kanta a sunkuye, tana wasa da bakin zane. "Kin gane?" "To." "Za ki faɗa wa Munkaila?" "To." Ana cikin haka aka kira Inna, wata na naƙuda. Muka taso, washegari Najaha ta koma ɗakinta.

Da ranar awon Zuhra ta zagayo na raka ta. Ta sunkuya za ta kwance goyo, zanen ya ɗan zame, sai ga carbin wata a ƙugunta, ta ƙara masa zare ta ɗaura shi ram kamar guru. Zoben roba yana nan a kan jan dutse inda Inna ta bar shi.

Na san inda ta samo wannan. Mu nan tun kaka da kakanni, duk abin da aka ba mace don ciki ya dakata, laya ce ko guru, a ƙugu ake ɗaura shi, shi ke yin aikin, ke naki ki ɗaura ki yi shiru. Ga kuma zancen jigida da ta sha jin Inna na yi. Yarinyar nan ta ɗauka duwatsun ne maganin. Bayanin da aka yi mata kuwa, kunya ta toshe mata kunne tun daga kalmar farko, don a ganinta Inna uwa ce, ba a ɗaga ido ana irin wannan zance da uwa. Mijin ko labari bai ji ba.

Na buɗe baki zan zazzaga mata, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ja Najaha ciki ta rufe ƙofa, ni ma na kutsa. Ta kwance carbin da kanta, a hankali, ta zauna kusa da ita a kan gadon awo.

"'Yata, ba ki yi laifi ba," in ji ta. "Abin da kika ga iyayenki na yi kika yi. Ni ce na karɓi 'to' ɗin mai kunya na tafi da shi, alhali na san 'to' a garin nan ba ya nufin an gane."

Najaha ta ce, "Inna, ke nan duk kwanakin nan ba abin da ya tsare ni?"

"Babu. Ba zan ɓoye miki ba. Amma ba a san komai ba tukuna. Mu jira lokacin al'adarki, in ta makara mu auna."

Kwanakin jiran nan ba na fatan Allah ya maimaita mana irinsu. Kullum Munkaila ya fita da mota sai ta zo gidana ta wuni, ba ci ba magana. Wata rana da hantsi na dawo daga lakwal ɗaukar wani abu, na tarar da ita a bayan ɗaki tana jiƙa maɗaci a ƙoƙo, Zuhra na kuka tana jan rigarta. Za ta shafa a nono ta yaye ta, wai gara ta cire ta tun gubar ba ta taru ba. Ban tsaya gardama ba, na aika aka kira Inna. Ta baro benci cike da mata ta zo, wannan karon har kabu-kabun ta hau.

Ta karɓi ƙoƙon ta zubar a gindin katanga. Ta ɗauki Zuhra ta ɗora wa uwar a cinya.

"Ba ta ta sha."

"Inna, in da ciki fa? Haka Sallau..."

"Ni na karɓi Sallau, ni kuma na gan shi ranar da aka kawo shi a makare. Ki saurare ni da kyau, Najaha. Ba nononki ya cuce shi ba, rashinsa ne. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Ko da ciki a jikinki yanzu, yarinyar nan za ta ci gaba da sha, ke kuma mu ƙara miki abinci. Waɗanda suka faɗa miki ba mugunta suka yi ba, abin da suka gada ne, amma ba daidai ba ne."

Najaha ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne ɗanta. Tana kuka Zuhra na tsotso, Inna na zaune a kan turmi ba ta ce mata yi shiru ba. Sai da yarinyar ta ƙoshi ta yi barci sannan ta tashi ta koma bakin aikinta.

Bayan 'yan kwanaki aka kira azahar, na yi alwala na shimfiɗa darduma, na ga Najaha zaune tana tsintar wake. Na ce, "Ke ba ki ji kira ba?" Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Yaya, na ajiye." Allah ya yafe mini, ban taɓa murnar ganin mutum bai yi salla ba sai ranar. Na leƙa ta katanga na faɗa wa Inna da yamma, ta ce alhamdu lillahi, gobe ki turo mini ita.

Tun daga kan Najaha Inna ta canza yadda take aiki. Ba ta ƙara tambayar mace ko ta gane ba. In ta gama bayani sai ta miƙa carbin ta naɗe hannu ta ce, "To, ni ce baƙuwa daga ƙauye, ban san komai ba. Koya mini." Sai mace ta buɗe baki ta maimaita da kalmominta, ta matsar da zoben da yatsanta, komai kunyarta, ko za a kai la'asar. Najaha sai da ta koya mata har sau uku. Ta kuma ce kada a sa shi a jaka, kada a sa a jiki. A rataye shi a ƙusar da ake rataye darduma, don hannun da ya ɗauki darduma da asuba ya matsar da zobe.

Saura Munkaila. Wannan ɓangaren shi da bakinsa yake ba da shi yanzu, yana dariya. Yana tasha yana jiran layinsa, yana shan rake da abokai, sai ga Inna da jakarta. Ta kira shi gefe, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta fito da carbi ta faɗa masa komai, har da maɗacin da aka zubar. Ya ce jikinsa ya yi sanyi, amma bakin nan nasa bai bari ba.

"Inna, ni fa direba ne. In kwana a hanya in dawo gidana a ce mini wai dutse fari ne? In abokaina suka ji ai na shiga uku, za a ce mace na juya ni da duwatsu."

"Wa zai faɗa musu, ni ko kai? Tun safe kake zaune a nan kana jiran layi, ga mota ga mai ga fasinja, ba ka tsallake kowa ba. Haƙurin da kake yi wa tasha ka kasa yi wa 'yarka?"

"To, ba shiga hurumin Allah ba ne? Haihuwa ai shi ke bayarwa."

"Shi ke bayarwa, kuma ranar da kuka so wani, carbin nan ne zai nuna muku kwanakin da za ku nema. Ba ya rufe komai. Amma fatawa ba aikina ba ce, ba zan yi maka ƙarya da ita ba. Je ka tambayi Malam Yasin da kake salla a bayansa."

Ya je kuwa. Malam ya ce masa jariri na da haƙƙin shan nono har ya ƙoshi, kuma in miji da mata suka yarda a tsakaninsu su yi tazara don lafiyar uwa da ɗa, ba tare da an cutar da kowa ba, shi bai ga laifi ba. Munkaila ya dawo wurin Inna ya ce ya yarda. Ta miƙa masa carbi ta naɗe hannu ta ce, "Koya mini." Ƙato da gemunsa, ya tsaya yana in'ina a kan duwatsu har ya iya. Daga ranar shi ke matsar da zoben in ya dawo daga masallaci da asuba. In kwana ya kama shi a Damagaram sai ya bugo waya, bayan gaisuwa ba abin da yake cewa sai, "An matsa?" Najaha ta ce har haushi yake ba ta.

Ba zan ce muku kullum daɗi ba ne. Akwai watan da suka yi 'yar tsama, ta zo tana ƙorafi, na ce koma, ba a kaina za ku ƙare ba. Amma Zuhra ta yi ta shan nononta. Ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara bin kaji da gudu, ta iya cewa Baba, duk uwarta ba ciki.

Da ta cika shekara biyu aka yi shawarar yaye. A al'adarmu gidan kaka ake kai yaro ya kwana biyu har ya manta da nono. Mu ba mu da uwa, mahaifiyar Munkaila ma ta riga mu gidan gaskiya, don haka na share ɗakina ina jira, tunda ni ce a madadin uwa. Da safe na ji motarsa ta tsaya, na fito da fara'ata, sai na ga ya wuce ƙofata. Ya saɓa Zuhra a kafaɗa, Najaha na biye da ƙullin kayanta, suka yi sallama gidan Inna. Na bi su ina cewa kun ɓata hanya ne? Inna na tsaye da kwanon dusa a hannu. Munkaila ya sauke yarinyar, ta taka da ƙafarta har gaban Inna ta kama zanenta. Ya durƙusa ya ce, "Inna, an ce gidan kaka ake kai yaye. Ga ta nan. Ta sha har ta ƙoshi, ba wanda ya ƙwace mata." Ya so ya ƙara wani abu, sai ya tashi ya fita wai zai duba taya. Ni da aka tsallake ban ji haushi ba ko kaɗan, ni na ɗauko tabarmar da aka shimfiɗa mata.

Inna, na san za ki ce na cika surutu. Ki yi haƙuri, yau dai sai na faɗa. Ke ce kika zauna da tsoronmu ba ki yi masa dariya ba, sai dai ki sa mu mu yi dariyar da kanmu. Ke ce ba ki taɓa sayar mana da darni da sunan katanga ba. Ke ce kika ga kuskure a ƙugun yarinya kika nemi rabonki a ciki kafin ki nemi nata. Uwar goyo, mai hannun sanyi. Na gode miki, Najaha ta gode, Munkaila ya gode ko da ba zai iya faɗa ba sai ya fake da taya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa hannun da ya karɓi 'ya'yan mutane ya karɓi littafinsa ta dama.

Ku kuma 'yan matan da za ku gaji bencin nan, ba jakarta za ku nema ba, ta tsufa. Ku ɗauki halinta. Kada ku karɓi "to" daga bakin mai sunkuyar da kai. Ku faɗi gaskiyar abin da ke tsarewa da iyakar tsarewarsa. Ku taka har tasha in ta kama. Maza, ku ma ƙusar darduma ba ta fi ƙarfin hannunku ba. Matan da ke jin tsoro kuwa, ku zo ku tambaya, ba a kanku aka fara ba.

Jiya na bi ta likita na hango Najaha a gindin dogon yaro, cikinta ya fito, wannan karon da saninsu da shirinsu. Tana zaune kusa da wata amarya da aka ba carbi, yarinyar kai a ƙasa tana ta "to, to." Najaha ta ɗago mata haɓa ta sa mata carbin a hannu ta ce, "Ni ma haka na ce, na kusa yaye 'yata a banza. Koya mini." Zuhra na gefe a cinyar Inna, tana cin ƙosai da hannu biyu.